Labarin So da Asiri: Yadda Mary Stewart ta Kama Hanyar Rubutu

Gabatarwa

A cikin shekarar 1955 kamfanin ɗab'i na Hodder and Stoughton da ke birnin Landan ya fito da wani ƙagaggen labari mai suna Madam, Will You Talk? Wadda ta rubuta shi kuwa wata malamar jami'a ce, Mary Stewart, wadda a lokacin nan shekarunta 38 da haihuwa, kuma ba ta taɓa buga wani ƙagaggen labari ba kafin wannan. Littafin ya karɓu ga jama'a nan da nan, har ya zamana tun daga 1955 zuwa 1959 ba a yi shekara guda ba ta fito da sabo ba. Manazarta adabin Ingilishi da dama suna lissafa ta cikin waɗanda suka daidaita wa wani nau'in ƙagaggen labari zama, watau labarin da ake saƙa soyayya da ɓoyayyen al'amari a cikinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda wannan sabuwar marubuciya ta ɓullo wa aikinta a shekarunta na farko, da irin ɗabi'un da ta riƙa wajen rubutu, da kuma dalilin da ya sa abin ya yi mata kyau a inda wasu suka sha kāshi. Za a ga cewa sha'awar irin wannan labari, komai yawanta, ba ta isa ta mai da mutum marubuci ba, sai ya gane inda ƙullin labarin yake, sa'an nan ya hori kansa da ɗabi'un da za su taimake shi ya ɗaure wannan ƙulli.

Ma'anar Labarin So da Asiri

A nan za a riƙa kiran wannan nau'i da sunan labarin so da asiri. Asirin da ake nufi shi ne irin wanda ake rufawa ko a tona, ban da na boka da sihiri. A irin wannan labari akan sami wani abu da aka binne, ko kisan kai, ko cin dukiyar maraya, ko wani tsohon laifi da aka yi shekaru ana ɓoyo. Akan kuma sami tauraruwa, yawanci budurwa ko bazawara, wadda ta faɗa cikin al'amarin ba da niyya ba, kuma a daidai lokacin da take ƙoƙarin gano gaskiya sai zuciyarta ta kamu da son wani daga cikin mutanen da abin ya shafa.

Ya bambanta da labarin binciken laifi zalla. A can, jami'in bincike irin su Sherlock Holmes ko Hercule Poirot yakan zo ne daga waje, ya tara shaida, ya auna ta, ya nuna mai laifi, ya kama gabansa, ba tare da abin ya taɓa rayuwarsa ba. Ya kuma bambanta da labarin soyayya zalla, inda abin da ke raba masoya yakan kasance iyaye, ko talauci, ko kishi, ko rashin fahimta. A labarin so da asiri tauraruwa ba ta da kariyar da jami'in bincike yake da ita, domin in ta yi kuskure wajen auna mutum, ranta ne a bakinsa, ko kuwa ran wani da ke hannunta amana.

Asalin Wannan Nau'i

Mary Stewart ta tarar da hanya an riga an sare ta. A shekarar 1794 Ann Radcliffe ta buga The Mysteries of Udolpho, labarin wata marainiya da aka tsare a wani tsohon gidan sarauta cikin duwatsun Italiya. Ɗabi'ar Radcliffe ita ce ta cika labari da abubuwan ban tsoro masu kama da aikin fatalwa, daga baya kuma ta bayyana cewa hannun ɗan'adam ne a ciki. A 1847 Charlotte Brontë ta fito da Jane Eyre, inda wata marainiya ta sami aikin koyar da yarinya a gidan wani attajiri, ta kamu da sonsa, sai a ranar ɗaurin aure asiri ya tonu cewa yana da mata mai taɓin hankali da ya kulle a saman bene. A 1938 kuma Daphne du Maurier ta buga Rebecca, labarin amaryar da ta shiga gidan miji ta tarar inuwar marigayiyar uwargida ta cika ko'ina. Ta daɗe tana cin zuciyarta da zaton mijin bai daina son marigayiyar ba, ashe ƙinta yake yi, kuma shi ne ma ya kashe ta.

In aka lura da littattafan nan biyu na ƙarshe za a ga abu ɗaya ya haɗa su. Asirin da ke cikin gidan yana jikin mutumin da ake so ne. Saboda haka duk taku ɗaya da tauraruwa ta yi wajen gano gaskiya, sai ya sake mata yadda take kallon masoyinta.

Taura Biyu

Duk da haka, a farkon ƙarni na 20 an sami masu ganin soyayya da bincike taura biyu ne, ba su taunuwa a baki ɗaya. A shekarar 1928 wani marubucin Amurka da ke amfani da sunan S. S. Van Dine ya tsara ƙa'idoji 20 na rubuta labarin binciken laifi, ta ukunsu kuwa ta hana shigar da soyayya ɗungum. Hujjarsa ita ce aikin irin wannan labari shi ne gurfanar da mai laifi gaban shari'a, kai masoya ga aure kuwa wani aiki ne dabam. Ita ma Agatha Christie, a cikin tarihin rayuwarta da aka buga a 1977, ta nuna cewa soyayya takan gundure ta a cikin labarin bincike, ko da yake ta riƙa saka ta saboda haka aka saba a zamanin.

Haƙiƙa masu wannan ra'ayi suna da abin kamawa. A littattafai da yawa akan ɗauko saurayi da budurwa ne a liƙa su a gefen labarin, ta yadda in da za a cire su babu abin da zai ragu. Mai karatu yana ɗokin sanin wanda ya yi kisa, sai a tsai da shi a kan zancen zuci. Wanda kuma soyayyar ce ta kawo shi, sai a cika shi da lissafin sawun takalma da lokacin tashin jirgin ƙasa. Wannan shi ne ramin da sabon marubuci ya fi faɗawa, musamman wanda yake son nau'o'in biyu duka, ya kuma ƙi sakin ko ɗaya. Abin da Mary Stewart ta yi shi ne ta mai da tambayoyin biyu suka zama ɗaya. Tambayar wane ne mai laifi, da tambayar ko wannan mutum ya cancanci a ba shi amana, amsa ɗaya ce ke warware su.

Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Mary Florence Elinor Rainbow ran 17 ga Satumba, 1916, a garin Sunderland da ke arewa maso gabashin Ingila. Mahaifinta limamin coci ne, mahaifiyarta kuwa mutuniyar ƙasar New Zealand ce. Ta yi karatun harshe da adabin Ingilishi a Jami'ar Durham, ta fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1938, ta sami digiri na biyu a 1941, sa'an nan ta koyar a wannan jami'a. A 1945, wajen bikin murnar ƙarewar yaƙin duniya na biyu a Turai, ta haɗu da Frederick Stewart, malamin ilmin duwatsu da ma'adinan ƙasa, suka yi aure bayan 'yan watanni kaɗan. Tana da kimanin shekara 30 ciki ya zauna mata a wajen mahaifa, ta sha jinya mai tsanani, daga nan ba ta sami haihuwa ba.

Tun tana yarinya take rubuce-rubuce, musamman waƙoƙi, amma ba ta nemi a buga mata labari ba sai da mijinta ya ƙarfafa mata gwiwa. A 1956 aka ba shi kujerar farfesa a Jami'ar Edinburgh, suka koma ƙasar Sikotlan, ita kuma ta duƙufa ga rubutu. Abin lura a nan shi ne, sabuwar marubuciya ce, amma tsohuwar makaranciya. Kafin ta kama alƙalami ta riga ta shafe shekaru tana karanta adabi tana kuma koyar da shi, ta san yadda ake gina jimla da yadda ake jan zaren labari.

Littafin Farko

Tauraruwar littafin farko ita ce Charity Selborne, wadda mijinta matuƙin jirgin sama ya rasu a yaƙi. Ta tafi hutu garin Avignon a kudancin Faransa tare da ƙawarta, ta saba da wani yaro mai suna David da karensa. A masauki ta ji ana tsegumi cewa an taɓa gurfanar da uban yaron, Richard Byron, bisa zargin kisan kai, aka sake shi don rashin isasshiyar shaida, yanzu kuma yana farautar ɗansa. Ta haɗu da mutumin a garin Nîmes ba ta san shi ba ne, baki ya suɓuce mata ta ambaci yaron. Daga nan ya bi ta a mota gari bayan gari har Marseille, ita kuwa tana gudu tana ɓad da sawu don kada ta kai shi inda yaron yake.

A tsakiyar littafin al'amari ya juya. Ya bayyana cewa Richard ƙulla masa sharri aka yi, kuma tushen abin yana komawa ga wani ta'asa da ya gani da idonsa wani jami'in Nazi ya aikata a lokacin yaƙi. Wani kyakkyawan Bafaranshe mai fara'a da ladabi da ke masaukin kuwa, Musa ne a baki, Fir'auna a zuci. Saboda haka sa'ad da Charity ta daina tsoron Richard ta fara sonsa, a daidai wannan lokaci ne mai karatu ya sami mabuɗin asirin. In aka cire soyayyar, binciken ba shi da mai yin sa. In kuwa aka cire asirin, babu dalilin da zai sa su haɗu balle su yarda da juna.

Ɗabi'unta na Rubutu

Ɗabi'a ta farko ita ce kafa labari a wurin da ta sani. Galibin littattafanta ta gina su ne a kan wuraren da ta taka da ƙafarta: kudancin Faransa a littafin farko, tsibirin Skye na Sikotlan a Wildfire at Midnight na 1956, yankin Savoy a Nine Coaches Waiting na 1958, garin Delphi na ƙasar Girka a My Brother Michael na 1959, da tsibirin Crete a The Moon-Spinners na 1962. Gani ya kori ji. Takan bayyana hanya da kwanarta, da irin furannin da ke bakin dutse, da abincin da aka kawo a gidan cin abinci, har mai karatu ya ji kamar ya je. Amfanin wannan ya wuce ado. Idan mai karatu ya gaskata wurin, zai fi sauƙin gaskata abin mamakin da zai faru a cikinsa. Bugu da ƙari, tauraruwar kusan kullum baƙuwa ce a wurin, baƙo kuwa ko yana da ido makaho ne. Ba ta da dangi kusa, ba ta san wanda za ta kai wa kuka ba, dole ta dogara da hankalinta wajen zaɓen wanda za ta amince da shi. Har yanayin wurin ma yakan shiga cikin ƙullin. A littafin Skye, alal misali, hazo ne ya rufe tauraruwa a cikin fadama alhali mai kisan yana laluben ta.

Ɗabi'a ta biyu ita ce barin tauraruwa ta ba da labari da bakinta. Wannan dabara ta dace da nau'in ƙwarai, domin mai karatu ba ya sanin komai sai abin da ita ta gani ko ta ji. In ta yi wa mutum mummunan zato, shi ma ya yi. In ta gano kuskurenta, tare za su ji kunya. Da marubuciyar za ta riƙa shiga zuciyar kowa, to, da ko dai ta tona asirin tun da wuri, ko kuwa ta yi wa mai karatu rowar abin da ta sani a fili, wanda hakan yakan ɓata masa rai.

Ɗabi'a ta uku ta shafi irin mutanen da take ƙagowa. Ta taɓa bayyana cewa abin da ta sa gaba shi ne ta ɗauki al'amuran da aka saba gani a labaran fargaba, kamar tseren mota, ko kisa a wurin da ba mai shiga ba mai fita, ko mugun baffa mai son cinye gado, ta jefa mutane na yau da kullum a cikinsu, ta ga yadda za su yi. Taurarinta mata ne masu ilmi da sana'a, malamar makaranta, ko sakatariya, ko 'yar wasan kwaikwayo, ko likitar dabbobi. Suna jin tsoro kamar kowa, amma ba su zauna jiran mai ceto ba. Charity da kanta ta tuƙa motar da ta tsere da ita, da gwanintar da marigayin mijinta ya koya mata.

Akwai kuma wani abu da take yawan yi, watau ta ɗora wa tauraruwa nauyin wani mai rauni, yaro ko dabba. Wannan ya fi fitowa fili a Nine Coaches Waiting. Linda Martin marainiya ce da aka ɗauka daga Ingila ta koyar da Philippe, yaro ɗan shekara 9, magajin sarauta da dukiyar gidan Valmy. Baffansa Léon, wanda ke zaune a keken guragu, shi ke riƙon dukiyar. Linda ta ɓoye cewa tana jin Faransanci saboda an nuna an fi son wadda ba ta ji, sai wannan ya ba ta damar jin abin da ba a so ta ji. An harbi yaron a daji aka kuskure, makarin barandar bene ya karye har ya kusa faɗowa, daga bisani aka shirya ba shi guba. A wannan tsakani ta kamu da son Raoul, ɗan Léon. Da aka gaya mata cewa shi ma da hannunsa a ciki, sai ta ɗauki yaron cikin dare ta gudu, ta ɓuya har ga wanda take so. Raoul ba shi da laifi, kuma rashin yardar da ta nuna masa ya yi masa ciwo. Amma ita ba ta da ikon yin caca da ran ɗan amana don ta faranta wa zuciyarta. A nan ne labarin ya sami nauyinsa, domin kowane ɓangare ta zaɓa akwai abin da za ta rasa.

Ɗabi'a ta huɗu ita ce jingina labari da tsohon adabi. Takan buɗe kowane babi da ɗan guntun baiti ko zance daga magabata, wanda yakan yi ishara ga abin da ke tafe. Sunan Nine Coaches Waiting daga wani wasan kwaikwayo na farkon ƙarni na 17 ta ɗauko shi, ta kuma kasa littafin kashi 9, kowane kashi da tafiyar da aka yi a cikinsa. This Rough Magic na 1964, wanda ta kafa a tsibirin Corfu, ta ɗaure shi da wasan Shakespeare mai suna The Tempest. Karatun da ta yi shekaru tana tarawa shi ne ya zama mata jari.

Kuskure da Gyara

Kada a ɗauka cewa hanyar miƙaƙƙiya ce. A littafinta na biyu ta gwada tsarin labarin bincike na gargajiya, inda aka tara baƙi a masauki ɗaya, kisa ya auku, kowa ya zama abin zargi, ciki har da tsohon mijin tauraruwar. A na uku, Thunder on the Right na 1957, wanda ta kafa a duwatsun Pyrenees, ta bar bakin tauraruwa ta ba da labarin daga waje. Ita da kanta ta nuna daga baya cewa wannan ne littafin da bai gamsar da ita ba, ta kuma zargi kanta da cika shi da ƙawa da yawan siffantawa. A littafin da ya biyo baya ta koma ga tsarinta na farko, ta rage ado, sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yabo. Watau dai ta iya karanta aikinta da idon baƙo, ta ga aibinsa, ta gyara. Wannan ɗabi'a ta fi wuyar samu ga sabon marubuci, wanda yakan ɗauki kowace jimla tasa kamar ɗan fari.

Magabatanta ma haka suka sha fama. Agatha Christie ta rubuta littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, a 1916, lokacin tana aikin haɗa magunguna a wani asibiti a garin Torquay, inda ta sami ilmin guba da ta yi amfani da shi. Da labarin ya cije mata, sai ta tafi wani masauki a dajin Dartmoor ta yi mako biyu, tana rubutu da safe, da yamma kuma ta fita yawo tana furta maganganun mutanen babin da ke tafe da bakinta. Kamfanoni da dama suka mayar mata da shi, sai a 1920 aka buga, bayan an sa ta sake babin ƙarshe. Ta kuma riƙi ɗabi'ar tara dabaru a littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, waɗanda aka sami guda 73 bayan rasuwarta, John Curran ya yi nazarinsu ya buga a 2009.

Daphne du Maurier kuwa ta fara Rebecca ne a 1937 a birnin Iskandariya na Masar, inda aka tura mijinta aikin soja. Yunƙurin farko bai yi mata ba, ta yaga shi ta zubar. Ta tsara labarin babi babi a cikin wani littafin rubutu kafin ta kammala shi a Ingila. Wannan littafin rubutu ya yi mata rana, domin a 1947, da aka kai ƙara a wata kotu a Amurka cewa satar labarin ta yi, an gabatar da shi cikin shaida, kuma ita ce ta yi nasara. Kowace da tata hanya, amma dukansu sun san inda asirin zai ƙare kafin su saki littafi, sun kuma yarda su rushe abin da bai ginu daidai ba.

Amana Tsakanin Marubuci da Mai Karatu

Dalilin da ya sa tsari da bita suka zama wajibi a wannan nau'i shi ne akwai alkawari tsakanin marubuci da mai karatu. An yarda marubuci ya kau da hankalin mai karatu, ya sa shi ya kalli gabas alhali abin yana yamma. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya yi masa ƙarya, ko ya fito da wata hujja a shafin ƙarshe wadda bai taɓa shuka irinta ba. Saboda haka sai an koma baya an bi labari daki daki, a tabbata kowace alama tana wurinta, ba ta yi ƙara da yawa ba, ba ta kuma ɓace ba. A labarin so da asiri aikin ninki biyu ne, domin dole halin tauraron ya karɓi fassara biyu. Fushinsa da shirunsa su yi kama da na mai laifi a karatun farko, a karatu na biyu kuma a ga ashe na wanda aka zalunta ne.

Mary Stewart ta kai wannan dabara maƙura a The Ivy Tree na 1961, wanda ta kafa a yankin Northumberland. Wata mata mai kiran kanta Mary Grey ta yarda ta yi sojan gona a matsayin Annabel, magajiyar wata gona da ta ɓace shekaru da suka wuce. Ita ce mai ba da labarin, amma can gaba sai ta bayyana cewa ita ce Annabel ɗin ta gaskiya. Masu karatu sun daɗe suna muhawara a kan ko marubuciyar ta cika alkawari a nan ko kuwa ta ɗan taka iyaka. Wanda ya sake karantawa dai zai ga irin taka-tsantsan da aka yi wajen zaɓen kalmomi, yadda zance zai ɗauki ma'ana biyu.

Kammalawa

Bayan nasarar Mary Stewart kasuwar irin waɗannan littattafai ta buɗe sosai. A 1960 Eleanor Hibbert ta fito da Mistress of Mellyn da sunan Victoria Holt, wasu da yawa suka biyo baya, har kamfanin Walt Disney ya mai da The Moon-Spinners fim a 1964. Da yawan masu kwaikwayo sun ɗauki ɓawon ne kawai, watau tsohon gida, da baƙuwar budurwa, da maigida mai ɗaure fuska, shi ya sa aka manta da su. Ita kuwa ba ta so a ɗaure ta da wani laƙabi ba. Ta nuna cewa a wurinta littafi iri biyu ne kawai, wanda aka rubuta da kyau da wanda ba a rubuta da kyau ba. A 1970 ma ta sake fage, ta fito da The Crystal Cave a kan Merlin na tatsuniyoyin Sarki Arthur. Littafinta na ƙarshe, Rose Cottage, ya fito a 1997, ta rasu ran 9 ga Mayu, 2014, tana da shekara 97.

A taƙaice, abin da shekarunta na farko suka nuna shi ne, mai son rubuta labarin so da asiri yana da gwaji guda da zai yi wa aikinsa kafin ya kai wa maɗaba'a. Ya cire soyayyar ya gani ko asirin zai tsaya da ƙafarsa, sa'an nan ya cire asirin ya gani ko masoyan za su kai ga juna ba tare da shi ba. In ɗaya ya rayu ba tare da ɗayan ba, to, labari biyu ya rubuta ya haɗa su a bango ɗaya, sai ya koma ya sake saƙa. Sauran ɗabi'un kuwa, yawan karatu, da sanin wuri, da zaɓen bakin da zai ba da labari, da haƙurin bita, duk wannan saƙa suke yi wa hidima.